Mamacin Da Ke Dafa Bira A Abhur

Shafi na 23

Masu cewa na bar Zakiya cikin tasi tun ranar Talata ina ja musu rai, a yafe ni, aiki ne ya sha kaina. Ga ta nan ta sauko.

* * *

Karo na uku ke nan a mako guda da Zakiya ta tako gidan abincin 'yan Biyetnam ɗin nan na Abhur.

Ranar farko abokan aikinta na asibiti ne suka jawo ta. Rana ta biyu ita kaɗai ta zo, ta sha abin da ta zo sha, ta fita ba ta ce da kowa uffan ba. Yau kam ko gida ba ta biya ba, farar rigar aikinta tana nan ƙarƙashin abaya.

Ba a daɗe da idar da la'asar ba, wurin babu jama'a sosai. Ta wuce teburin da ke kallon teku, ta zauna a wanda ke kallon bangon gilashi. A bayan gilashin manyan tukwanen ƙarfe ne guda huɗu a tsaye suna sheƙi, kowacce ta fi mutum tsawo. Su suka yi wa gidan suna a Jidda. Bira ce a cikinsu, irin ta nan Jidda, ruwan sha'ir marar sa maye, sai dai su ba ta kwalba suke sayarwa ba, a nan suke dafa abarsu, kowace tukunya da nata ɗanɗanon.

Ma'aikacin ya gane ta.

"Kamar jiya?" ya tambaya da Larabci.

"Kamar jiya."

Ya kawo mata miyar nan tasu ta taliyar shinkafa da yankakken naman sa, tana tururi, ga ganyen na'ana'a da lemon tsami a gefe. Ya ajiye dogon kofi mai raɓa, ruwan ciki kalar zuma, farar kumfa a sama. A takardar abincin, sunan wannan birar Ruwais.

Ruwais, unguwar da aka haife ta.

Ta kurɓa. Citta ce ta fara zuwa, sai tsamiya, sai kanumfari. Can bayan ta haɗiye, abin nan ya taso mata a maƙoshi. Kimba. Ba ɗanya ba, wadda aka gasa a kan garwashi har ta fara baƙi kafin a daka.

Mutum ɗaya ta sani a duniya mai yi wa kimba haka, mahaifiyarta. Mutum ɗaya kuma Ummi ta taɓa bari ya tsaya a gefen turminta idan tana haɗa lemon sallah.

Ta ɗaga wa ma'aikacin hannu.

"Ina son ganin mai dafa wannan."

"Mu'allim ba ya fitowa wurin baƙi, madam."

"Je ka ce masa wata 'yar Ruwais ce. Ka ce ina tambaya wa ya koya masa gasa kimba."

"Kim... me?"

"Kimba. Faɗa masa haka kawai."

Ya tafi yana maimaita kalmar a baki kada ta ɓace masa.

Ta zauna tana kallon miyar har tururin ya daina tashi. Ta ƙirga tukwanen, ta sake ƙirgawa. Ta ce da kanta hauka take yi, mutum nawa ne a duniya suke gasa kimba? Ta ɗauki jakarta za ta tashi.

"Assalamu alaikum."

Dogo ne, baƙi, da rigar aiki mai ruwan toka, kansa a ƙasa. Furfura ta fara cin gemunsa. Da Larabci ya yi maganar, Larabcin 'yan Jidda tsantsa.

"An ce akwai abin da bai yi miki ba a abin shan."

Ita kuma da Hausa ta amsa.

"Ɗago kanka."

Bai ɗago ba.

"Don Allah, bawan Allah, ɗago kanka in gani."

Ya ɗago a hankali.

Tabon yana nan a girarsa ta hagu. Ita ta yi masa shi, tana 'yar shekara shida, da finjalin shayi, ranar da ya cinye mata basbusa, kayan zaƙin nan na Larabawa.

Jakar ta suɓuce daga hannunta.

"Yaya Muhsin."

"Zuzu."

Shekara goma sha biyar rabon da wani ya kira ta da wannan sunan.

Ta miƙa hannu ta taɓa damtsensa. Ta matsa. Ta ƙara matsawa har sai da ya runtse ido. Nama ne da ƙashi, da ɗumi, da ƙanshin dafaffen sha'ir.

"Ka mutu," ta ce. "Wallahi ka mutu. Shekara tara ke nan."

"Zauna, Zuzu."

"Ni na raba gahawa a zaman makokinka! Kwana uku! An jera kujeru tun daga ƙofar gida har bakin masallaci. Abokanka na kasuwar Bab Makka sun zo suna kuka kamar mata. Na yi maka umra biyu, ya akhi, biyu!"

"Na sani."

"Ka sani?"

"Zauna, mutane suna kallon mu."

Ta zauna. Ya ja kujerar da ke fuskantarta, ya zauna a bakin-baki kamar wanda za a kora.

Kallonsa take yi, tana neman saurayin nan ɗan shekara ashirin da biyu da aka kama a Bab Makka da dilar yadi a ka, bayan rasuwar babansu, lokacin da iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta mutu ya rasa kafilin da zai tsaya masa. A wata guda aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin kakarsu.

"Ka tsufa," ta ce.

"Ke kuma kin koma Ummi sak. Ranar da kuka zo da ƙawayenki, ta gilashin nan na hango ki, saura kaɗan in ƙona hannuna."

"Ka gan ni?"

"Sau biyu."

"Ka gan ni sau biyu ka ƙi fitowa. Tun yaushe kake Jidda?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai! Daga nan zuwa Ruwais minti arba'in ne a mota. Lesh, Yaya, don me? Me muka yi maka?"

Ya ɗauki tsinken cin abincin da ke gefen kwanonta yana jujjuyawa.

"Wa ya kawo muku labarin mutuwata?"

"Ummi ce aka kira a waya. Aka ce zazzaɓi ne, a can ƙasar da ka tafi."

"Wa ya kira ta?"

"Wani abokin aikinka."

"Kin ji muryarsa? Kin ga lambarsa? An turo muku takarda?"

Zakiya ta girgiza kai.

"Ni na kira ta," ya ce. "Ni ne wanda ya kira."

Sai ya fara ba ta labari, idonsa a kan teburi. Shekara uku ya yi a Kano yana dako a kasuwar yadi, ana yi masa dariyar Hausarsa, ana ce masa ɗan Makka. Wani ɗan kasuwa ya tafi da shi Biyetnam saro kaya, kasuwancin ya lalace, mutumin ya dawo gida ya bar shi a can. Ya kwana ashirin a bayan wani gidan abinci kafin tsohon da ke da wurin ya kira shi ya ba shi aikin wankin tukwane.

"Irin waɗannan tukwanen," ya nuna bayan gilashi. "Sai dai ta can ba irin wannan ba ce. Giya ce, Zuzu. Ta gaske."

Ta dafe ƙirji.

"Daga wanki na koma juyi, daga juyi na koma dafawa. Tsohon ya ce hancina ya fi na 'ya'yansa. Ban taɓa haɗiye ta ba, Allah ne shaida, amma da hannuna nake yin ta, da ita nake ci, da ita nake sha. Kullum Ummi ta tambaye ni aikin me nake yi, sai in ce gidan abinci. Shekara uku ina faɗa mata haka. Wani azumi na kasa. Na faɗa mata gaskiya."

"Me ta ce?"

"Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce jikan mutumin da ya tako daga Katsina zuwa Makka da ƙafa, shekara huɗu a hanya, shi ne yake dafa wa mutane giya? Ta ce in bari a ranar. Na ce ta ba ni lokaci, ba ni da takarda, ba ni da wurin zuwa."

Ya ajiye tsinken.

"Sai ta ce, to daga yau ɗanta ya mutu. Ta ce idan na ƙara kiran ta, ko ke, ko wani a gidan, ba ta yafe min nononta ba."

"A'a."

"Bayan kwana biyu na ga hoton kujerun a shafin wani abokina. Ya rubuta Allah Ya jiƙan Abdulmuhsin."

"A'a, Yaya. Ummi ta yi kuka. Da idona na gani, har suma ta yi."

"Kukan gaskiya ne. Ɗanta ta rasa."

Zakiya ta kifa kai a kan teburin. Ba ta san wa take yi wa kukan ba, shi, ko Ummi, ko ita kanta da ta shekara tara tana saka sunan mai rai a addu'ar mamata.

Wani hannu ya janye kwanon miyar da ta huce, ya ajiye sabo mai zafi. Ta ɗago. Wata 'yar siririyar mace ce fara, da ɗankwali ruwan ganye, hannayenta duk tabon ƙunar girki. Ta ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, ƙanwa," ta ce da wata irin Hausa mai lanƙwasa. "Ki ci. Kuka da yunwa babu kyau."

Zakiya ta kalli yayanta.

"Matata ce. Lan. 'Yar tsohon nan ce, ita ke riƙe da girkin gidan nan." Ya ɗan yi murmushi, na farko tun fitowarsa. "Mako guda tana haddar gaisuwar nan, tun ranar da na ce mata na gan ki."

"Musulma ce?"

"Shekara biyar. Ranar da ta karɓi kalma liman ya ce ta zaɓi suna, sai ta juyo ta tambaye ni sunan mahaifiyata. Shi take amsawa a masallaci. Ni dai har yau Lan nake ce mata, bakina ba zai iya kiran sunan Ummi gatsal ba."

Lan ta matse lemon tsami a cikin miyar, ta tsinka na'ana'a ta zuba, ta saka wa Zakiya cokali a hannu kamar yarinya, sannan ta koma ciki.

Zakiya ta kai cokali ɗaya baki. Ba ta san tana jin yunwa ba sai da romon ya sauka.

"Lan ce ta ce in bari," ya ci gaba. "Ta ce mutum ba ya rayuwa yana kuka duk ranar Juma'a. Na bar aikin. Shekara biyu muna gwada yadda za a dafa sha'ir ya ba da ɗanɗano ba tare da ya kai ga sa maye ba. Mun zubar da abin da ya fi tanki goma. Wani ɗan Jidda ya je can yawon buɗe ido, ya sha, ya ce zai buɗe wuri a Abhur idan za mu zo. Lokacin shekarun da aka hana ni shigowa sun cika. Ya yi mana iƙama, ni da ita."

"Halas, ai ka daina! Me ya rage? Me ya sa ba ka zo ka faɗa wa Ummi ba?"

"Ta ce kada in kira. Ba ta ce sai na daina ba. Ta ce na mutu."

"Amma ka sa wa birarka sunan unguwarmu."

"Na ce ko wani zai sha ya gane. Ban kira kowa ba, ban karya maganarta ba. Kimba kawai na gasa."

Ta kalli kofin. Kumfar ta kwanta.

"Yaya, akwai abin da ba ka sani ba. Ummi ba ta da lafiya. Ciwon mantuwa ne, shekara biyu ke nan. Wani lokacin ni kaina ba ta gane ni, sai ta ce min baiwar Allah. Mun ɗauki wata mata, Zubaidatu, 'yar Zariya, tana zama da ita idan ina wurin aiki."

"Na sani."

"Wannan ma ka sani?"

"Duk Juma'a ina zuwa Ruwais. A masallacinmu nake salla, sahun baya. Babu mai gane ni, tsofaffin sun mutu, yaran ba su san ni ba. Idan an idar sai in tsaya wurin mai ful ɗin nan, mai dafaffen wake na kan kwana, ina kallon ƙofar gida."

"Wata bakwai kana tsayawa a kan kwana."

"Wata Juma'a na daɗe har yamma, sai ga ta a bakin ƙofa, a kan kujerar roba, da kofi a hannu an rufe da faranti. Na ce bari in wuce ta gabanta kawai, in ji ƙanshin turarenta. Ina zuwa daidai ita sai ta kira ni."

Zakiya ta ajiye cokalin.

"Ta ce, bawan Allah, daga Bab Makka kake? Na ce e, Hajiya. Ta ce ka ga Muhsin ɗina? Dogo ne kamar kai, yana dakon yadi. Tun safe ya fita bai karya ba, ga lemonsa na ajiye masa."

Ya kai bayan hannu ya goge fuska.

"Me ka ce mata?"

"Na ce yana hanya, Hajiya, yanzu zai iso. Ta ce Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ta sa min albarka, Zuzu. A matsayin baƙo. Da ita nake rayuwa tun ranar."

"Kullum haka take yi," Zakiya ta ce a hankali. "Kullum kafin magariba sai ta sa an haɗa lemon, ta fita da shi ƙofa. Idan an kira salla Zubaidatu ta lallashe ta ta shigo. Ni nake shanye shi, don kada ta ga kofin a cike ta fara kuka."

Ta kamo hannunsa da hannu biyu.

"Yalla, tashi mu tafi. Yanzu. Yau kai za ka sha lemon nan."

"Wace Ummin zan tarar?"

"Kamar ya?"

"Wadda ta manta ita ke jirana. Tana jiran yaro ɗan ashirin da biyu, ba wannan mai furfurar ba. Idan na ce ni ne, ba za ta yarda ba. Wadda ba ta manta ba kuma..." Ya kalle ta. "Akwai ranakun da hankalinta yake dawowa, ko?"

Zakiya ta sunkuyar da kai.

"Akwai. Sau ɗaya, sau biyu a wata. Ta tashi garau, ta san kowa, ta san komai."

"A irin ranakun tana ambatona?"

Ta so ta yi masa ƙarya. Ta kasa.

"Ko sau ɗaya. Idan wani ya kira sunanka sai ta tashi ta shige ɗaki. Ni duk zatona zafin rashi ne."

"Kin gani."

"To haka za ka ƙare? A kan kwana, wurin mai ful? Likita ya ce ranakun nan raguwa za su yi ta yi, Yaya. Wata rana za su ƙare gaba ɗaya. Idan kana son ta yafe maka da hankalinta, da bakinta, ba ka da lokaci."

"Idan kuma ta maimaita abin da ta faɗa? Yanzu ina da albarkar baƙo. Idan na je ta ƙwace ta fa?"

Wayarta ta hau ruri a cikin jaka. Ta ciro. Zubaidatu.

Ta ɗaga da sauri har ta danna lasifika ba ta sani ba.

"Zubaidatu, lafiya?"

"Lafiya lau, Anti, kada ki tsorata. Hajiya ce ta ce a kira ki. Wallahi yau garau ta tashi daga barcin rana, har ta tambaye ni nawa ga wata, ta yi min faɗa na bar mata tsintsiya a tsakar gida. Na ce in haɗa lemon, ta ce lemon wa? Ga ta."

Aka ji motsin miƙa waya.

"Zakiya."

Muryar nan ce ta da, mai kauri, wadda idan ta kira suna sau ɗaya ba ta maimaitawa.

"Na'am, Ummi."

"Tun ƙarfe uku kike tashi daga aiki. Kina ina har yanzu?"

"Ina... ina Abhur, Ummi. Na tsaya cin abinci."

"Abincin gida ya ƙare ne?"

Muhsin ya toshe bakinsa da hannu biyu. Kafaɗunsa suna girgiza. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kalmar ta kufce ta tsakanin yatsunsa, ƙasa-ƙasa, kamar numfashi.

"Ummi..."

Wayar ta yi tsit.

Zakiya ta duba fuskar wayar ko ta katse. Ba ta katse ba, daƙiƙoƙi suna ta tafiya. Ana jin ƙarar fankar ɗakin Ummi daga can.

"Zakiya."

"Na'am."

"Wa ke nan tare da ke?"

Muhsin yana girgiza mata kai, hawaye na bin gemunsa. Ta kalle shi, ta kalli wayar.

"Ummi, wani ne... mai aiki a nan..."

"Ban haife ki don ki yi min ƙarya ba."



"Miƙa masa wayar."